Kaset Ya Ƙare Kafin Sunana

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da takwarana da ƙannensa. Mu nan sai godiya. Antinka ƙafar nan tana taɓa ta in an yi sanyi, amma tana tashi tana harkokinta.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Kafin in ba ka amsa, bari in tuna maka wanda ka rubuto wa, don na ga alamar nesa ta fara sa ka mantuwa. Ni ne na fito makaranta da takardar sakandare kaɗai, ba kawu a ofis, ba ubangida. Na yi dakon buhu har kafaɗata ta yi kanta. Na ɗauko mataccen injin niƙa da aka yasar a bayan gareji, na tayar da shi da hannuna, yau injina uku ke kuka a layi ɗaya. Gidan nan ɗaki bayan ɗaki na gina shi. Na haƙa rijiya, unguwa na sha. Na riƙe ka har ka gama karatu. Kuma ni ne, ni kaɗai, na sayi tsohuwar kyamara a hannun mai ɗaukar biki, na rubuta labarin fim ɗin "Tsanin Maƙwabci" ina zaune a kan bencin ƙofar injin, na ɗauke shi da batirin mota a cikin baro. Ba wanda ya koya mini ko kunna ta.

To yanzu ka ce wasu yara masu kamfani sun tsinci kwafin fim ɗin wurin mai sayar da tsofaffin kaya, sun bi fuskarka har sun gano ka. Ka ce suna so su wanke shi, su fitar da shi a faifai cikin akwati na musamman, tare da finafinan wasu irina da suka yi nasu ba tare da kowa ya tsaya musu ba. Ka kuma ce suna kiransa fim ɗinka. Ban yi mamaki ba. Nan unguwa ma fim ɗin Auta ake cewa, tunda kai ne ka faɗo daga tsani aka yi dariya. Dalilin kuwa ka san shi. Sunayen 'yan wasa a bayan kwalaye muka rubuta, kana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ina ɗauka. Na ce nawa ya zo ƙarshe, don haka manya ke yi. Ka ɗaga na tela, ka ɗaga na mai shayi, ka ɗaga naka, hannunka yana kan nawa, sai kaset ya ƙare. Ba ni da wani, mai kwafi kuma yana jira. Na ce wanda ya sani ya sani. Ashe waɗanda suka sani mutuwa suke yi.

Abin da ka ce suna kira ƙari, wanda za su haɗa da fim ɗin, na gane shi. Gyara ce, irin wadda mai awo ke ɗora wa mai saye. Suna son wuraren da aka yi kuskure aka sake, da abin da aka ɗauka ba a sa ba. Duk suna nan, kaset-kaset ne cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Suna kuma son a zauna ana kallon fim ana ba da labarin yadda aka yi shi, su ɗauki muryar su ɗora a kai. Madalla, wannan ya yi mini. Ka zo mu zauna mu biyu a falon nan mu yi musu, sannan ka tafi da kaset ɗin a hannunka.

Kada ka ce mu yi ta waya. Injin ya cinye kunnena na hagu tuntuni. Na dama ya rage, shi ma likita ya leƙa ya girgiza kai, ya ce yana tafiya, kuma ba tafiyar dawowa ba ce. In ka kira, bakin Antinka nake kallo tana maimaita mini abin da ka ce. Rabona da jin muryarka ba ta bakin wani ba tun rasuwar Inna. Ina so in ji ta kafin ƙofar ta rufe. Ba roƙo nake yi ba, sharaɗi ne na mai fim.

Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya ƙafar Anti? A ce ina yi mata sannu. Yara suna lafiya, takwaranka ya fara tsayi, takalmina yake sawa ba ya tambaya.

Na ga jerin ayyukanka, kuma ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ka manta ba ka sa yadda ka yi ta mayar da ni kan tsanin nan ina faɗowa, kana cewa faɗuwar ba ta yi kama da ta gaske ba. Gwiwata har yau ita ke fara sanar da ni in hadari ya haɗu. Wannan ma aikinka ne, kai kaɗai, ba wanda ya taya ka.

Wallahi Yaya, ranar farko na gaya musu ni ɗan wasa ne kawai, Yayana ne ya yi komai. Shugabar aikin, wata yarinya mai gilashi, har ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya ɗauki gudu da kyamara a cikin baro hoton bai yi rawa ba. Na ce mata matashin kan Inna ne sirrin.

Maganar kunne ta tsaya mini a rai. Ban san ya kai haka ba, Anti ba ta faɗa mini a waya. Amma ga halin da nake ciki. A ɗakin sanyin da nake tuƙa motar ɗaga kaya an rage ma'aikata. Wanda ya ɗauki hutu yanzu, in ya dawo wani zai tarar a kujerarsa. Tafiyar kuma ka san ba ta wuni ɗaya ba ce. Su kuwa masu kamfani suna so akwatin ya fito kafin ƙarshen shekara. Mai gilashi ta ce muryar mutum ɗaya ma ta wadatar, zan iya yi musu a nan, ba sai an wahalar da kai ba. Ka ba direban nan da ke kawo mana saƙo kaset ɗin, mutum ne mai amana. Baɗi in Allah ya kai mu zan zo mu daɗe.

Ƙaninka,
Auta.

*

Auta,

Lafiya lau muke. Ka gai da iyali.

"Muryar mutum ɗaya ta wadatar." Na ja layi ƙarƙashin wannan da jan biro. Wato kaset ya yanke sunana, kai kuma za ka yanke muryata, aiki ya kammala. Me za ka gaya musu? Ka san yadda na ɗaura makirufo a sandar goge-goge? Ka san da bidiyo biyu na aro na haɗa fim ɗin, yatsana a kan maɓallin tsayawa har ya yi kanta? Lokacin kai kana can kana gyaran gashi a madubin babur. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baɗi kuma, na ji ta bara, na ji ta bara waccan. Zumunta a ƙafa take, ba a bakin biro ba. Jarumin da 'yan mata ke leƙowa ta katanga don su gan shi, yau daskararren kifi ne ya hana shi zuwa ganin yayansa.

Kaset suna nan inda suke. Mai so ya zo.

Yayanka.

*

Auta,

Da fatan kuna lafiya. Na ce da fata ne, don ban sani ba. Damina ta shigo ta fita ban ga takardarka ba, Antinka kuma ta ce in ta kira ka gaisuwa kawai kake yi ka ce kana wurin aiki. In fushi ne, ni ne babba, ni ya kamata in riga ka kuma in daɗe fiye da kai. Ƙafarta da sauƙi. Ni kuma ranar nan yaran injin suka ce ƙaramin injin yana wani kuka tun safe, ina tsaye a gabansa ban ji ba. Ni da nake gane ciwon inji daga bakin titi.

Ga dalilin rubutuna. Rufin ɗaki ya yi yoyo, na jawo akwatin ƙarfen nan na buɗe. Wani farin abu kamar gari ya fara bin kaset ɗin. Na kai wa mai gyaran talabijin, ya goge abin da zai gogu, ya tayar mini da tsohuwar bidiyo, ya ce in ina da abin yi da su in yi da wuri. Na zauna da rana na kalla.

Na gan ka siriri kamar sandar rake, kana ɓata magana kana dariya. Na ga tela, Allah ya ji ƙansa, yana gyara gemun auduga da muka manna masa. Ni ban ga kaina ko sau ɗaya ba, sai inuwata a ƙasa da kan babban yatsana a gefen hoto. Can cikin wani kaset, kana kan tsani, sai ga Inna ta shigo hoton da bokiti a hannu. Na manta sam an yi haka. Ta tsaya, ta kalle ka, sannan ta juyo ta kalli cikin kyamara, wato ni take kallo. Bakinta yana motsi. Ta daɗe tana magana, Auta.

Na ƙure ƙarar talabijin har Antinka ta toshe kunne ta fita. Na manna kunnena a jikin lasifika. Gurnani kawai nake ji, kamar inji a bayan bango. Na kira Antinka ta saurara, ta ce iska ta yi yawa a ciki, ba ta kama komai. Mai gyara ya ce waɗannan yaran naku suna da na'urar da ke tace murya daga iska.

Don haka na ba direba kaset ɗin duka, na naɗe su cikin bargo. Kada ka ɗauka na sauko ne. Ina nan kan bakana. Amma su tace wannan wurin tukuna kafin komai, ka saurara, ka rubuto mini abin da Inna ta ce. Kalma da kalma, kada ka gyara mata.

Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Muna lafiya. Kaset sun iso, bargon ma ya iso, takwaranka ya riga ya mallake shi.

Ba fushi na yi ba. Da na karanta wasiƙar jan biro, washegari na shiga ofishin manaja. Ya ce in jira. Na koma, ya ce in jira. Na yi wa kaina alkawari ba zan rubuto maka ba sai da ranar zuwa a hannuna, kada in sake aiko maka da wata baɗi. Ranar ba ta samu ba, Yaya. Shirun ke nan. Maganar murya ɗaya kuwa tausayin kunnenka ne ya sa na faɗe ta, na ga kamar zama gaban talabijin kana neman abin da ba ka ji zai yi maka ciwo. Na yi wauta.

Sun tace wurin. Ga abin da Inna ta ce. Da farko: "Wa ya kwance mini igiyar shanya?" Ka tuna da ita muka ɗaure tsanin. Sai ta dube ni ta ce: "In ka karye, kada wanda ya kira ni." Sannan ta juyo wurinka, muryarta ta sauka: "Kai, wannan, rana ta take. Sauke abin nan daga kafaɗarka ka zo ka ci abinci. Shi wancan ya ci sau biyu." Daga nan sai muryarka daga bayan kyamara: "Inna, kin shiga hoto." Ta ce: "To in fita daga gidana?" Shi ke nan. Mai gilashi ta yi dariya, ta juyo ta ga fuskata, ta tashi ta ba ni wuri.

Na shiga ɗakin ɗaukar muryarsu, amma na ce ba zan yi ni kaɗai ba. Na sa sun ajiye kujera a gefena. Na yi magana kamar kana kanta, ina tambayarka, ina tsokanarka, duk inda amsarka za ta shiga na yi shiru na bar maka fili. Na sa bakina dab da makirufo, na yi a hankali da ƙarfi, har mai na'ura yana cewa in rage, na ce ba don shi nake yi ba. Direba zai kawo maka 'yar na'ura da abin sawa a kunne mai ƙarfi, da fim ɗin da wurin Inna da muryata a ciki. Ka danna jan maɓalli, ka cike filayen. Na haɗo da samfurin bangon akwatin ka gani.

Na san ba wannan ka nema ba. Shi ne abin da hannuna ya kai.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Antinka tana gaishe ku. Ta ce a gaya wa takwarana bargon aro ne.

Na ji ka.

Na rufe injin da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba in ba rasuwa aka yi ba. Na zauna a falo, na ɗora abin nan a kunne, na danne shi da tafin hannu. Muryarka ta tsufa, Auta. Ta yi kauri kamar ta Baba. Kaurin nan ne ya taimake ni, don siririyar muryarka ta cikin fim ba ta shiga ko kaɗan, ta Inna ma haka, sai da na bi ta da takardarka a hannu. Amma kai na yanzu kana shigowa, kamar mai magana daga ɗaki na kusa. Da ka ce, "Yaya, ka tuna wanda ya riƙe tsanin?" na juya gefena zan ba ka amsa.

Na cike filayenka. Wasu sun yi mini kaɗan, ka san ba a ba ni magana da awo. Na gyara maka kurakurai da dama: ba mai shayi ne ya kawo akuyar da ta fito a fim ɗin ba, ita ta kawo kanta, kuma matashin da ke cikin baro nawa ne, ba na Inna ba. Wurin da Inna ta shigo ka bar fili mai tsawo. Na bar shi yadda ka bar shi. Su sa shi haka.

Na koma wurin likita. Ba sai na rubuta maka abin da ya ce ba, Antinka ta fara ajiye biro da takarda kusa da faranti. Kada ka bar aikinka, kana da yara. In Allah ya kawo ka zan gan ka, gani kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma ta wajen ji, na san abin da ke cikin na'urar nan shi ne rabona. Ina kunna ta kullum in na dawo daga injin.

Yanzu sai maganar bangon akwati. Ka duba shi kuwa kafin ka aiko? An rubuta: "Tsarawa da ɗauka: Yaya." Yaya! Yarinyar nan ba ta da laifi. Tun daga farkon sharhinka har ƙarshe Yaya ka yi ta cewa, ta ɗauka sunan yanka ne. Na zauna na yi tunani, na bi kaset ɗin nan duka a kaina. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, "kai, wannan" take cewa, ga shi ka ji da kunnenka. Antinka "maigida". Yaran injin "Oga". Kai kuwa ko ɗanka da ka sa wa sunana wani laƙabi ka nema masa, don kada sunan ya bi ta bakinka. Duk kun girmama ni, na gode, har kun girmama ni na ɓace. Mai karɓar kuɗin wuta kaɗai ke kiran sunana a garin nan.

Saboda haka ga umarnina, ba shawara ba ce. Su cire wannan Yayan, su buga sunana cikakke da manyan baƙaƙe, a sama da naka. Wannan na masu ido ne. Kai kuma ka koma ɗakin nan nasu, ka zauna inda ka zauna, ka matso da bakinka kamar yadda ka yi. Ka ce wane ɗan wane ne ya yi wannan fim, ka faɗi sunana da na Baba, a fili, da ƙarfi, ba tare da ka tauna shi ba. Na yafe maka rashin kunyar tun yanzu. Su sa shi a farkon faifai kafin a ga komai.

Nawa kwafin kuma kada ka jira fitowar akwati. Ka ba direba a tafiyarsa ta gaba. Ka yi sauri, Auta.

Yayanka, wanda ka san sunansa.